Wuyan ƙanwata ya tasa, surukarta ta ce gero ne: shin fura na kawo maƙoƙo?

Uwar Biyu, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah shawara nake nema, hankalina ba a kwance yake ba. Ƙanwata da ke aure a wani ƙauye ta wajen Sandamu ta zo mana kwana biyu, cikinta wata huɗu. Jiya da ta tuɓe hijabi za ta yi alwala sai na ga gaban wuyanta ya ɗan tasa. Ba wani babba ba ne, amma in ta haɗiyi yawu sai ka ga abin ya hau ya sauko. Ta ce ba ya mata ciwo, ta kai wata biyu da lura da shi, ta ɗauka ƙibar ciki ce. Surukarta ta ce maƙoƙo ne, kuma wai gero ke kawo shi, saboda haka ta hana ta fura da kunu. Yarinyar da tun tasowarta ba ta wuni ba ta dama fura ba, yanzu shayi da burodi take karyawa da su, duk ta yi fari fat. Ga kuma maƙwabciyata ta nuna mani wasu ƙwayoyi da ake talla a Facebook, wai na aidin da siliniyam, kuɗin kwalba guda ya fi cefanenmu na mako. In daure in saya mata? Kuma da gaske ne maganar geron nan?

Ɗan Kusugu, Daura:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ba ta lafiya, ya raba su lafiya. Amma batun gero kam ban yarda ba, ko kusa. Mu nan gero muka tarar, shi iyayenmu suka ci, shi kakanninmu suka ci. Kakana ya haura tamanin, bai taɓa kwana bai sha fura ba, wuyansa sumul har ya koma ga Allah. Da gero na kawo maƙoƙo, da daga Daura zuwa Zango zuwa Ɓaure ba za ki sami mai miƙaƙƙen wuya ba. A mayar wa baiwar Allah furarta. Mai ciki da shayi da burodi, ina ƙarfin zai fito?

Hajiya Babba, Ƙofar Soro:
Ɗana, kada ka yi saurin rantsuwa. Kai yaro ne, ba ka ga abin da muka gani ba. Lokacin da nake budurwa, in muka je biki ƙauye wajen dangin mahaifiyata, da wuya ka shiga taron mata ba ka ga biyu ko uku masu maƙoƙo ba. Wata nata kamar lemo, wata ya yi kamar an rataya mata ƙoƙo. Suna lulluɓe shi da gyale ko su jera tsakiya a kai. Mata ya fi kamawa, shi ya sa kakanka ba hujja ba ne. Yanzu kuwa sai in shekara ban ga irin wancan ba. Geron dai shi ne bai canza ba. Gishiri ne na ga ya canza. Da can na ayari muke ci, na Balma da manda, wanda raƙuma ke kawowa daga arewa. Ban yi boko mai nisa ba, abin da idona ya gani nake faɗa.

Nas Mai Ritaya, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, abin da idonki ya gani shi ne a littafi.

Uwar Biyu, ƙanwata, kafin komai: kada ki sayi ƙwayoyin nan. Ki kai ta awo cikin makon nan, ki buɗe baki ki gaya masu batun wuyan, kada ki jira su gani da kansu don hijabi na rufewa kuma layi na da tsawo. Ki roƙi a yi mata gwajin jini na TSH, a kuma duba yawan jininta.

Bari in ɗan yi bayani don kowa ya amfana. A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, Allah ya sa wata 'yar halitta mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, ita ake kira tairod. Aikinta haɗa sinadarin da ke saita saurin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, al'adar mata, girman yaro da ƙwaƙwalwarsa. Sinadaran nata biyu ne, T4 da T3, kuma lambar nan ba ado ba ce, adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowanne. Babu aidin, babu su. Jiki kuma ba ya ƙera aidin, sai an ci.

To in aidin ya yi ƙaranci, akwai wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke aiko da saƙo, shi ne TSH ɗin, tana cewa a ƙara aiki. Tairod ta yi ta ƙoƙari babu kayan aiki, saƙo ya yi ta zuwa, sai ta kumbura don ta kamo ɗan abin da ke cikin jini. Kumburin nan shi ne maƙoƙo.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a rana: yaro ƙasa da shekara 5 maikirogiram 90 (maikirogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya), daga 6 zuwa 12 kuma 120, babba 150, mai ciki da mai shayarwa 250. Ku dubi tazarar da ke tsakanin 150 da 250. Shi ya sa macen da take lallaɓawa da ɗan abin da take samu, da ta ɗauki ciki sai wuya ya tona asiri. Kuma abin da ya fi damuna ba wuyan ba ne, ɗan cikin ne. A watannin farko ba shi da tairod mai aiki, da na uwarsa ake gina masa ƙwaƙwalwa. Abin da aka rasa a wannan lokacin ba a cika mayar da shi daga baya ba.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Anti kin sa gabana ya faɗi. Wata huɗu fa, ba mu makara ba?

Nas Mai Ritaya:
Kwantar da hankalinki. Ba kowace mai ɗan kumburin wuya ce sinadarinta ya yi ƙasa ba, da yawa gwajinsu na fitowa lafiya lau. Na faɗa ne don kada a ce sai bayan suna. Ki tambayar mani ita: wane gishiri suke ci a gidan, kuma a ina suke ajiye shi?

Malamin Kimiyya, Dutsin-Ma:
Kafin amsa ta zo, bari in yi wa surukar nan adalci, don na ga ana neman a mayar da ita marar sani. Maganarta tana da tushe. A Darfur, yammacin Sudan, tun wajen 1981 masu bincike suka lura cewa ƙauyukan da gero ne kusan duk abincinsu sun fi fama da maƙoƙo. A 1989 aka fitar da wani binciken da aka yi kan ɓeraye da kuma a ɗakin gwaji, aka ga gero na ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tairod ƙarfin ɗaura aidin a inda ya kamata. Irin geronmu ne, ba wani baƙon iri ba.

Ɗan Kusugu:
Malam, da girmanka. Ɓera daban, mutum daban. Sudan daban, Daura daban. Haka kawai a sa mutane su tsani abincin da shi ne rufin asirin talaka? In aka bar gero me za a ci, shinkafar da mudunta ya gagari mutane?

Malamin Kimiyya:
Ban ce a bar gero ba, ɗan'uwa, ka bari in kai aya. Ni kaina da kunun gero na karya yau. Mutanen da aka yi binciken a kansu abu biyu ne ya haɗe masu: gero safe da dare, ga kuma ƙarancin aidin. Kamar jaki ne da bai ƙoshi ba aka ƙara masa kaya. In ya ƙoshi, kayan nan ba za su durƙusar da shi ba. Wanda ke samun aidin isasshe, furarsa ba abin tsoro ba ce.

Abu na biyu, sinadaran nan sun fi taruwa a dusa. Surfen da iyayenmu mata ke yi a turmi, a bakace, a wanke, yana rage su. Ba don wannan suke yi ba, amma ga amfanin.

Haka rogo yake. Yana da wani abu da jiki ke juyawa ya zama sinadarin da ke tare wa aidin ƙofar shiga tairod. Jiƙawa da tsimawa da shanyawa da dafawa sosai su ke rage shi. Kabeji ma na da nasa, dahuwa na kashe mafi yawa. Duk cikinsu babu wanda ya isa ya zama babban mai laifi in aidin ya wadata.

Ɗan Kusugu:
To yanzu na ji magana. Amma ka yarda hana ta fura kuskure ne.

Malamin Kimiyya:
Na yarda ɗari bisa ɗari. An cire mata abinci mai sinadarin ƙarfe da zinki, ga nono a ciki, an ba ta shayi wanda shi kansa yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe in aka sha shi tare da abinci. An gudu daga yayyafi an faɗa mamako.

Uwar Biyu:
Anti na tambaye ta. Ta ce gishirin awo ne, mai manyan ƙwayoyi, mai gidan ke auno mudu ranar kasuwa, ba su san daga inda ya fito ba. A buɗaɗɗen kwano yake zaune kusa da murhu. Wani lokaci in ya ƙare surukar kan fasa ɗan kantu na dabbobi a daka a sa a miya.

Mai Gishiri, Babbar Kasuwa:
Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan shekara da shekaru, bari in faɗi gaskiya ko da za ta taɓa mu. Gishirin kamfani da ke zuwa a buhu ko a leda an sa masa aidin, yana rubuce a jiki tare da lambar NAFDAC. Matsalar daga hannunmu take farawa. Mai saye da yawa ba ya iya ɗaukar leda, sai ya ce a auna masa na kaza. Sai a farke buhu a juye a faranti ko a tabarma, rana ta doke shi tun hantsi har la'asar, gobe ma haka, da damina ya sha raɓa. Mai sarin ƙauye kuma ya saya a wurinmu ya je ya sake baza shi. Akwai kuma wanda ba na ci ba ne tun asali, na dabbobi ne ko na masu jima, ya fi araha, kuma wallahi ana sayensa a kai kicin. In na ce wa mutum wannan na shanu ne, sai ya ce ai gishiri gishiri ne.

Kantu kuwa daga Balma yake, ba ya bi ta wani kamfani balle a sa masa wani abu. Don dabbobi ake kawo shi.

Nas Mai Ritaya:
Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka, ka faɗi abin da ba kowa zai faɗa ba. A 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma a 2005 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cika sharuɗɗan wannan shiri. Ina aiki a lokacin, na ga yadda ake yawo da 'yar kwalbar gwaji, a ɗiga a kan gishiri, in ya yi shuɗi akwai aidin, in ya zauna fari babu. Ƙa'idar ita ce miligiram 50 a kowane kilo a bakin kamfani, 30 a wurin mai sayarwa. An sa da yawa tun farko ne don an san zai rage a hanya. To amma doka tana tsayawa a bakin buhu, ba ta bin gishiri har gindin murhu.

Mu nan nesa muke da teku, kuma aidin a teku ya fi taruwa. Hatsi da ganye abin da ƙasa ta ba su shi suke ba mu. Kifin dam irin na Zobe ko Jibiya abinci ne mai kyau, amma bai kai kifin teku aidin ba. Shi ya sa gishirin leda ya zama mana babbar hanya. A saye shi a rufe, a juye a roba mai murfi, a nisanta shi da wuta da laima, a sa a miya dab da saukewa.

Baban Yara, Ƙofar Guga:
Ni kun ɗaure mani kai. Ina da hawan jini, likita ya ce in rage gishiri, har uwargida ta koma yi mani tukunya daban. Yanzu kuma ga shi ana cewa gishiri magani ne. Wanne zan kama?

Malamin Kimiyya:
Ka kama maganar likitanka, Baba, babu karo a tsakani. Ba a ce a ƙara gishiri ba, an ce ɗan da za a ci ya zama mai aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa kaɗan da cokalin shayi. Yi lissafi: in kilo na da miligiram 30, kowane giram na da maikirogiram 30. Sau 5 ya ba ka 150, daidai buƙatar babba. Amma ka lura mai ciki 250 take nema, ita ba za a ce ta cike gurbin da ƙarin gishiri ba, ga hatsarin hawan jini a ciki. Ƙwai, nono, kifin gwangwani, kifin ƙanƙara, da abin da aka rubuta mata a wurin awo, su za su cike. Kuma kanwa ba ta cikin wannan lissafi, ba a sa mata aidin.

Ɗalibi, Ƙofar Sauri:
Don Allah tambaya. Tunda aidin ne matsalar, akwai wanda ake shafa wa ciwo a kowane kemis, kuma ba tsada. Ba za a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a randa ba?

Mai Haɗa Magani, Katsina:
A'a, ƙanena. Ina roƙon duk mai karatu kada ya gwada. Na ciwo don fata aka yi shi, ɗigo ɗaya ya ninka buƙatar yini sau da yawa. Duk aidin da ke jikin babban mutum bai wuce miligiram 15 zuwa 20 ba, kuma abin da zai buƙata tsawon rayuwarsa bai cika cokalin shayi ba. Yawansa cuta ne kamar ƙarancinsa. Yana iya toshe tairod ta daina aiki, ɗan cikin ma ta shafe shi. Wanda kuma ya daɗe da maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle, in aka antaya masa aidin lokaci guda tairod ɗinsa na iya haukacewa, zuciya ta kama tsere.

Wannan ya kawo ni kan kwalaben da Uwar Biyu ta ambata, don kullum ana shigo mani da hotonsu a waya. Gaskiya ne siliniyam na da aiki. Mafi yawan abin da tairod ke fitarwa T4 ne, shi kuma kamar hatsi ne a rumbu, sai an cire masa aidin guda ya koma T3 sannan jiki ke morarsa sosai. Masu wannan cirewar da siliniyam aka gina su. Shi ne kuma ke kare tairod daga ƙunar aikinta. Amma buƙatar babba maikirogiram 55 ce kacal, kuma ƙwai da kifi da nama na kawo ta. In ana wuce 400 kullum, gashi na zuba, farce na karyewa, numfashi ya riƙa warin tafarnuwa. A arewacin Kwango, inda ƙarancin aidin da na siliniyam da cin rogo suka haɗu, an taɓa ba mutane siliniyam kafin a gyara masu aidin, wasunsu sai aikin tairod ɗinsu ya ƙara faɗuwa. Ko abu mai amfani yana da jerin da ake bi.

Zinki ma yana da hannu, amma ban ga dalilin sayen kwalbarsa ba ga mai cin wake da gyaɗa da riɗi da ɗan nama.

Wanda ni ya fi tsaya mani a rai game da ƙanwarki shi ne farin da kika ce ta yi. Injin da ke ɗaura aidin a cikin tairod da sinadarin ƙarfe yake tafiya. A Kwaddibuwa an ba yara masu maƙoƙo aidin, waɗanda ke da ƙarancin jini nasu bai saɓe kamar na sauran ba. Wato kina iya gyara gishiri tsaf, in jini bai isa ba aiki ya tafi da ɗingishi. Jan maganin ƙarin jini da ake bayarwa a awo, wanda mata da yawa ke turawa ƙarƙashin katifa don yana sa tashin zuciya, ya fi kwalbar Facebook ɗin nan amfani gare ta nesa ba kusa ba.

Maman Ɗalibai, Layout:
Tun ɗazu nake karantawa, bari in sa baki don ni abin a jikina yake. Ina tsoron kada mutane su tashi da tunanin duk ciwon tairod gishiri ne. Ni gidanmu tun ina yarinya gishirin leda muke ci. Bayan haihuwata ta uku na fara wata irin kasala, in idar da sallar asuba in kasa tashi daga kan darduma. Ana zafin Afrilu ni ina neman bargo. Gashina na bin mataji, fata ta bushe, bayan gida sai da ƙyar, ina ƙiba alhali ba na cin kirki. Na yi shekara biyu ina zarya wani kemis, yau a ce maleriya gobe a ce taifot. A gida aka ce iska ce, wasu suka ce sammu, na sha rubutu na sha hayaƙi. Ranar da na fi baƙin ciki ita ce da na ji ana cewa lalaci ne kawai.

Wata likita ce ta taɓa wuyana ta rubuta TSH. Ya fito sama sosai. Ta ce sojojin jikina ne ke yaƙar tairod ɗina, ciwon da ake kira Hashimoto, sunan likitan Japan da ya fara bayaninsa a 1912. Ba ƙarancin aidin ba ne, ta ma gargaɗe ni kada in sha ƙarin aidin don yana iya tsananta shi. Ta ɗora ni kan 'yar ƙwayar tairoksin, wato T4 ɗin da aka haɗa a magani, guda kullum.

Ga kuskuren da na yi, don wata ta kiyaye. Ina haɗa ta da maganin ƙarin jini da na ƙashi in watsa gaba ɗaya da shayin safe. Wata uku gwaji bai motsa ba. Sai da aka zauna aka tambaye ni dalla-dalla yadda nake sha. Ashe ƙarfe da kalsiyam suna riƙe maganin a hanji su hana shi shiga jini. Yanzu da asuba nake sha da ruwa zalla, in jira minti 30 zuwa awa guda kafin in karya, sauran kuma sai bayan awa 4. Da azumi nakan tashi tun kafin sahur in sha in koma in ɗora tukunya. Alhamdu lillahi na dawo mutum.

Hajiya Babba:
Allah sarki 'yata. Allah ya sa kaffara ne. Mata nawa ne ke zaune a ɗaka da irin wannan ana kiransu ragwaye.

Nas Mai Ritaya:
Maman Ɗalibai kin taimaka ƙwarai. Akwai ma kishiyar taki: tairod mai aiki fiye da kima. Mutum na ci yana ramewa, gumi ko da sanyi, hannu na rawa, gaba na faɗuwa, wani har idanu su firfito. Shi ma wuyansa kan kumbura. Ka ga wuya uku iri ɗaya a ido, ɗaya aidin yake nema, biyu aidin zai iya cutar da su. Ido ba ya rabewa, sai jini. Kuma don Allah a daina kai maƙoƙo wurin wanzami. Ba ƙurji ba ne, babu ruwan da za a tsaga a fitar, ga manyan jijiyoyin jini a wurin. In kumburin na da tauri, ko yana girma da sauri, ko murya ta dushe, ko haɗiya da numfashi na wahala, wannan ba na jira ba ne, a nufi babban asibiti a yi hoton wuya.

Ɗan Kusugu:
Na tashi na shiga wurin tsohuwata na duba. Ita ma a buɗaɗɗen ƙoƙo nata yake, a kan katanga inda rana ke bugawa. Matata kuma tana shayarwa. Gobe in sha Allahu zan sayo na leda da roba mai murfi. Amma Malam, fura tana nan daram.

Malamin Kimiyya:
Tana nan, a dai surfa geron da kyau, a zuba nono da yawa.

Uwar Biyu:
Salamu alaikum, na dawo da bayani, ku yi haƙuri kwana shida shiru. Mun je awo, na faɗi batun wuyan kamar yadda Anti ta ce. Jininta ya yi ƙasa sosai. TSH sai da muka je wani wurin gwaji daban, ya fito ya ɗan haura abin da likita ke so ga mai ciki. Ya ɗora ta kan tairoksin ƙarami, ya ce a maimaita gwaji bayan sati 4, ya kuma rubuta hoton wuya. Da na ce masa za ta riƙa shan na ƙarin jini da dare, wancan da asuba, sai ya ɗago ya ce wa ya gaya mani. Maman Ɗalibai, Allah ya saka da alheri. Fura kuma ya ce ta sha abinta, kawai kada ta haɗa nonon da ƙwayar asuba.

Saura abu guda. Jibi mijinta zai zo ɗaukarta. A gidan nan surukar ce ke riƙe da kicin, kuma mace ce mai kirki, don ƙauna ta hana furar. Ƙanwata ba za ta iya buɗe baki ta ce Inna kin yi kuskure ba, ni ma ba hurumina ba ne.

Hajiya Babba:
Ba sai an ce ta yi kuskure ba, ai ba ta yi duka ba, ita ta fara ganin ciwon. Ki haɗa tsaraba: ledar gishiri kamar biyar, roba mai murfi, ƙwai, da turmin atamfa in da hali. Ki kira mijin gefe ki nuna masa takardar asibiti, shi zai kai wa uwarsa magana, daga bakin ɗanta ba za ta ji zafi ba. Ya ce mata likita ya ce Inna ta yi gaskiya maƙoƙo ne, kuma ya ce a canza gishirin gidan gaba ɗaya, a bar kantu wa shanu, fura kuma a ci gaba. Ke kuma ki kira ta ki yi mata godiya da ta lura da 'yar'uwarki.

Mai Gishiri:
In biyar ɗin sun ƙare kada su koma na awo. Ko a kasuwar Mai'aduwa ko cikin Daura akwai na leda, ƙaramar ma akwai. Mijin ya riƙa duba bakin ledar, in an farke an ɗaure da zare ya bar ta.

Uwar Biyu:
To Hajiya, haka za a yi. Anti, ranar maimaita gwajin ta faɗo Talata, ita kuma awonta a can ƙauye Alhamis ne. In sa ta zo Katsina tun Litinin ta kwana, ko kwana biyu ba za su ɓata komai ba?

Nas Mai Ritaya:
Kwana biyu ko uku ba komai. Ta yi awonta Alhamis, ta zo Juma'a da safe da katin awon da kwalin maganin a hannu, likita zai so ya ga ko nawa take sha.